Shafin da Sabi'u Ya Ƙi Cikawa

Shekara talatin da huɗu ke nan, duk kaka in Malam Ilu na Tudun Kaya ya kwashe amfaninsa, shanun Mijinyawa ne ke sauka a gonarsa. Su cinye kara da harawa, su zauna har bazara, su bar masa taki. Babu takarda tsakaninsu, babu shaida. Mijinyawa yakan baro shanun a baya, ya taso tun daga wajen Beli da ƙafarsa, ya zauna a zauren Malam Ilu su yi gaisuwa mai tsawo, sannan su shiga tsokanar juna.

"Kaɗo, har yanzu tuwon dawar nan bai kashe ka ba?"

"Fullo, ina ka baro hankalinka, ko saniya ce ta lashe?"

Sai an ci an sha, sannan Malam Ilu ya gyara zama ya ce, "To, bismilla, na saki." Kafin wannan kalma ta fito daga bakinsa, ko ɗan maraƙi ba ya taka gonar.

A cikin wannan zumunci Sabi'u ɗan Malam Ilu ya tashi. Baffa yake ce wa Mijinyawa, kuma sai da ya yi wayo sosai ya gane ba jini ne ya haɗa su ba. Bai yi jami'a ba. A wani shagon buga takardu a Karaye ya fara taɓa kwamfuta, yana share wa mai shagon wuri yana yi masa aike, shi kuma yana ɗiga masa ilimin kaɗan-kaɗan. Da naci ya kai inda ya kai. Da ƙungiyar manoma da makiyaya ta Karaye da Rogo ta so rage rigimar ɓarna, shi ta ɗauka ya gina mata manhaja. Kowace gona da sunan mai ita da sunan makiyayin da ke sauka cikinta. Manomi yakan danna a wayarsa ya nuna inda aikinsa ya kai, manhajar kuma ta ajiye shi da lamba. Ɗaya, amfani yana tsaye. Biyu, an yanke hatsi amma wake yana ƙasa. Uku, an saki gona. Aiki ne mai kyau, ba mai musun wannan.

Sai shugaban ƙungiyar, Alhaji Zubair, ya kawo shawarar a riƙa aika wa makiyaya saƙon murya da Hausa da Fulatanci duk lokacin da aka saki gona. Sabi'u ya sa rai shi za a ba. Aka ba wata Rumasa'u a Rogo, wadda ta yi digirin kwamfuta, kuma Fulatanci a nono ta sha shi. Sabi'u ya ce madalla a gaban mutane. Abin da ke cikinsa kuwa ya bar wa cikinsa.

Manhajar Rumasa'u ba za ta san halin gona ba sai ta tambayi ta Sabi'u. Hanyar da manhaja ke tambayar 'yar'uwarta ita ce masu aikin ke kira API. A ɗauke ta kamar ƙofa: ka zo da mabuɗi, ka faɗi sunan gona, a miƙo maka lamba. Ƙungiyar tana da wata manhajar ta kula da irin waɗannan ƙofofi, inda ake buɗe su, a ba mutum mabuɗi, a ga wanda ya shiga. A jikin kowace ƙofa akwai shafin bayani, inda wanda ya gina ta zai rubuta abin da take karɓa, da abin da take mayarwa, da ma'anarsa. Sabi'u ya buɗe ƙofar, ya aika da mabuɗi, ya bar shafin fayau.

Rumasa'u ta rubuto masa a cikin manhajar. "Malam Sabi'u, barka da aiki. Mabuɗi ya iso, na gode. Shafin bayani babu komai. Don Allah a sa ma'anar lambobin."

Ya amsa, "In kina da tambaya ki kira ni."

Bayan kwana huɗu ta sake. "Na fi so a rubuce, saboda wanda zai zo bayanmu ma ya samu."

Ya amsa, "Abin ba wuya. Mai digiri zai gane."

Na ukun bai amsa ba sam.

A nasa tunanin, mai neman sani shi ke zuwa wurin mai shi. Haka aka yi masa. Ya so ta kira, ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta ce a taimaka mata, shi kuma ya yi gyaran murya ya karanta mata. Shi a ganinsa ladabi yake koya mata. Ƙaramin hali ne, kuma mai irinsa shi ne na ƙarshen ganinsa. Har akwai ranar da ya buɗe shafin bayan azahar, ya rubuta, "Biyu: an yanke hatsi, saura wake." Ya zauna yana kallon layin. Sai ya tuna yadda Alhaji Zubair ya ce "injiniyarmu" yana nufin ita, ya goge, ya rufe kwamfutar ya tafi shan rake.

Ita kuwa ba ta zauna ba. Ta jawo lambobin gonaki ta duba. A lokacin ko gona ɗaya ba a saki ba tukuna, don haka ɗaya da biyu kawai ta gani, ba ta ma san akwai uku ba. Ta kira manoma uku na wajen Beli waɗanda gonarsu ke kan biyu. Dukkansu masara zalla suka yi, suka ce mata sun gama, shanu na iya shiga. Ta ɗaure aikinta a kan haka: gona ta hau biyu, saƙo ya tafi.

A cikin makon ne Sabi'u ya haɗu da Mijinyawa a kasuwar Karaye, yana dogara sanda yana jan ƙafar hagu.

"Baffa, me ya sami ƙafar?"

"Gwiwa ce ta tuna shekarunta. Ya babanka? Ka ce masa ina nan tafe in ya gama jan jiki."

"Bana ba sai ka sha wannan tafiyar sau biyu ba. Saƙo zai shigo wayarka da muryar mutum, har da Fulatanci. Kana ji an ce an saki, ka turo shanu, kai ka biyo a mashin a hankali."

Mijinyawa ya juya wayar a tafin hannunsa. "Wannan abar ba ta ƙarya?"

"Ni na gina ta, Baffa."

"To, tunda kai ne."

Malam Ilu ya riga kowa yanke dawa a wannan shekara. Ranar Laraba aka gama ɗaure dammuna aka kai gida. Waken kanannado kuwa yana shimfiɗe a ƙasan kara, ya yi 'ya'ya kamar ba a taɓa yi ba, saura kwana goma a fara roro. Malam Ilu ba ya taɓa waya sai don amsa kira, saboda haka Sabi'u ne da hannunsa ya danna masa "an yanke hatsi".

Ranar Juma'a, lokacin da maza suka tafi masallaci, shanu saba'in suka iso bakin gonar tare da Abubakar Sadiq, babban ɗan Mijinyawa, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Ya ga waken da idonsa. Ya tsaya, ya sake kunna saƙon, muryar ta ce Malam Ilu na Tudun Kaya ya saki gonarsa. Ya kunna na Fulatancin, shi ma haka. Ya ce a ransa ƙila Baba Ilu ne ya bar musu don ya ji ubansu ba lafiya, ai ya taɓa bar musu gefen harawa guda. Shanun sun kwana biyu a hanya. Ya sake su.

Kafin a sauko daga masallaci a ci abinci, an gama da fiye da rabin waken.

Irin wannan saƙon ya je wa wasu makiyayan ma a wannan mako. Babu wanda ya yarda da shi. Kowa sai da ya je ya tambayi mai gona baki da baki, aka ce masa tukuna. Mijinyawa kaɗai ya yarda.

Shi Mijinyawan ya iso da la'asar a bayan mashin. Sabi'u yana tsaye a bakin gonar tare da ubansa da mutanen unguwa, wasu har sun fara maganganun da aka saba yi a kan Fulani. Mijinyawa ya sauka, ya dubi gonar tun daga wannan kunya har waccan. Bai ce Kaɗo ba. Ya ce, "Malam Ilu, ka yi haƙuri." Sabi'u tun da yake bai taɓa jin ya kira uban da sunansa ba.

"Wane haƙuri? Wake ne, ba rai ba. Tunda sun shiga su zauna. Taho mu je gida, Hajo ta sauke tuwo."

Mijinyawa ya girgiza kai. Ya yi wa ɗansa magana da Fulatanci, gajeriya. Aka kaɗa shanun aka fitar. Hajo, uwar Sabi'u, ta aiko da kwano har bakin hanya, ya sa albarka, ya ce a mayar. Kafin magariba ƙurarsu ma ta kwanta.

Kwana uku Sabi'u yana cewa na'ura ce ta yi kuskure. Da Alhaji Zubair ya ce ai saƙon daga Rogo ya fito, yarinyar nan ce ta yi gaggawa, Sabi'u ya sunkuyar da kai ya bar maganar ta wuce. Amma kullum da safe yana ganin ubansa ya fito zaure ya shimfiɗa tabarma biyu, ya zauna a kan ɗaya yana kallon hanyar kudu. Ba waken ne ke damunsa ba. Ko sau ɗaya bai ambaci waken ba.

Ranar Talata Sabi'u ya hau mashin ya tafi Rogo. Ya sami Rumasa'u a ofishin ƙungiya, ɗaki ɗaya da fanka mai ƙara. Suka gaisa, gaisuwar da ya daɗe yana jira, sai ga shi shi ne ya kawo ta.

"Malama, lamba biyu ba sakin gona ba ne. Akwai uku."

Ta dube shi. "Akwai uku."

"Uku shi ne an saki."

Ta juyo masa da kwamfutar. Shafin bayani ne, fari fat, a ƙasansa saƙonninta uku da amsoshinsa biyu.

"Mai digiri bai gane ba, Malam Sabi'u," in ji ta. "Mai digiri ya kira manoma uku a Beli. Da na san kira ɗaya zuwa Karaye ake jira, da na yi, ko ba don kai ba. Ni ma na yi taurin kai, na ce sai ka rubuta. Amma ni na tambaya sau uku."

"Kin tambaya."

"Tsohon nan, Mijinyawa, ƙanin kakata ne ta wajen uwa, ka sani? Ya hana a yi maganar a gidansa. Ɗansa kuwa don kunya ko kasuwa ba ya shiga."

Bai sani ba. Ya ce ta ba shi kujera.

A nan ya zauna ya cika shafin. Ya rubuta sunan ƙofar da aikinta. Ya rubuta yadda ake kawo mabuɗi, da yadda ake faɗin sunan gona, da amsar da za ta fito in babu gonar. Ya jera lambobin uku, kowace da ma'anarta. A ƙarƙashin biyu ya ƙara: "Kada a aika wa makiyayi komai a kan wannan lamba. A gonaki da yawa wake yana nan bayan an yanke dawa, har mako biyu ko uku." A ƙarƙashin uku ya sa misali, da irin tambayar da irin amsar. Rumasa'u ta karanta, ta ce ya ƙara abin da za a yi in manomi ya danna uku bisa kuskure ya koma biyu. Ya ƙara. Ya danna ajiye, bayanin ya hau jikin ƙofar inda duk mai mabuɗi zai gani. Bayan sallar azahar ya fara. Da ya ɗaga kai ko kiran la'asar ba a yi ba.

Ya kira Alhaji Zubair a gabanta ya gaya masa laifin wane ne. Daga nan ya wuce gida.

Malam Ilu ya saurare shi har ƙarshe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Wato ta tambaye ka."

"Ta tambaya, Baba."

"Ka kuma san amsar."

"Na sani."

"Me ka so ta ba ka?"

Tsohon bai jira amsa ba.

"Ni ban yi boko ba," in ji Malam Ilu. "Amma ban taɓa haƙa rami a hanya in ce sai wanda ya gaishe ni zan gaya wa inda yake ba. Gobe ka je Beli. Abin da ka faɗa mini ka faɗa masa, kada ka rage. Ka ce masa karan yana nan, ban ba kowa ba."

Washegari da hantsi Sabi'u ya isa Beli. Shanun suna cikin wata gonar masara a bayan gari, an riga an kafa bukkoki. Mijinyawa yana zaune a gindin ɗorawa ya miƙe ƙafar. Ya karɓe shi da fara'a, ya sa aka kawo fura da nono, ya tambayi Hajo da yara ɗaya bayan ɗaya. Sabi'u ya kasa sha. Ya durƙusa ya faɗi komai, har layin da ya rubuta ya goge.

Mijinyawa ya daɗe yana zana ƙasa da sandarsa.

"Na ji, ɗana. Allah ya yafe mana. Abubakar zai ji daɗin wannan magana, don ya ɗauka ni ina zarginsa."

"To Baffa ku dawo. Baba ya ce karan yana nan."

"Kai ka ɓoye lamba, na ji. Amma wa ya hana ni zuwa? Shekara talatin da huɗu ina zuwa da ƙafata in ji daga bakinsa. Ranar da nake da zazzaɓi na zo. Shekarar da uwar Abubakar ta rasu na zo. Bana gwiwa ta ɗan yi ciwo, sai na zauna a inuwa na tura masa shanu saba'in kamar gonar ba ta da mai ita. Wannan ba kai ka yi ba."

"Ni na ce ka zauna."

"Ka ce. Ni kuma na fi ka shekaru."

"Baba bai riƙe ka ba, wallahi."

"Na san bai riƙe ni ba. Shi ya sa. Da ya zage ni a gaban mutanen nan da na samu inda zan tsaya. Ya ce in zo in ci tuwo. Da wane ido zan zauna a zauren nan in ce masa Kaɗo?" Ya nuna gonar da haɓa. "Ga shi kuma mai wannan wurin, Sulle, ya karɓe ni ranar da ba ni da inda zan sauka. Na ba shi magana har bazara. Ba zan ɓata biyu a shekara ɗaya ba."

"Baɗi fa?"

"Allah ya kai mu. Sha furarka."

Ya sha, don ba a mayar wa Baffa kwano.

Tun daga ranar saƙon bai sake kuskure ba. Alhaji Zubair har ya sa aka buga shafin bayanin a takarda aka manna a ofis, yana nuna wa baƙi. Da wasu matasa daga Yola ta Karaye suka zo neman haɗa tasu manhajar ta masu taki, suka karanta suka gama aikinsu a yini ɗaya, ba su nemi Sabi'u ba, bai kuma so su neme shi ba.

Makiyaya uku suka zo wurin Malam Ilu neman karan a wannan rani. Ya ba kowannensu ruwa, ya ce gonar da mai ita. Karan ya tsaya har ya yi fari, gara ta ci gindinsa, iska ta kwantar da shi. Gonakin maƙwabta suka yi baƙi da taki, tasa tana nan yadda aka bar ta. Sau biyu ya ce zai je Beli da kansa, sau biyu ya fasa, ya ce in ya je kunyar mutumin zai ƙara.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ba sauran jira. Ranar wata Asabar da safe ya ce wa Sabi'u ya ɗauko manjagara. Su biyu suka tattara karan tsibi-tsibi. Da suka gama Malam Ilu ya laluba aljihu ya fito da ashana, ya riƙe ta ɗan lokaci yana duban hanya, sannan ya miƙa wa ɗansa.

"Kai ka kunna," ya ce.